Da Aka Sa Nazira Cikin Sanyi

Ulaisha, Riyad
Asabar

Zuwa ga Yaya Salamatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da yara da maigidan. Ya jikin Umma, ya ciwon gwiwar? Tun da aka rufe layukan waya a jiharmu ba ni da hanyar jin muryarku, shi ya sa na turo wannan a wayar Lado direba. In ya shigo Zariya ya samu sabis zai gani, ya kawo miki ki karanta.

Yaya, labarin ba mai daɗi ba ne. Jiya Juma'a mun je walimar suna a wata istiraha, irin gidajen hutun nan da ake haya a bayan gari, masu kwamin ruwa na ninƙaya a tsakar gida. Ina wajen maza ina zaton Nazira tana wajen uwarta Maimunat, ita kuma tana zaton tana wajena. Bayan la'asar aka tsamo ta daga cikin ruwan. Zuciyarta ta tsaya. An yi ta danna mata ƙirji tun daga can har asibiti, likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu.

Yanzu sun sa ta cikin sanyi. Sun ce sai ta kwana uku a haka kafin mu san abin yi. Sun ba ni takardu na sa hannu, ko karantawa ban yi ba. Sun bar ni na shiga na gan ta, na taɓa hannunta, sanyi ƙalau kamar ba ita ba.

Ki san yadda za ki faɗa wa Umma. Ku yi mata addu'a.

Ƙanenki,
Saifuddeen

*

Ƙauran Namoda
Laraba

Zuwa ga ƙanena Saifu,

Wa alaikumus salam. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya haƙuri, Saifu? Ya haƙurin Maimunat? Mu nan lafiyar jiki muna da ita, sai dai abin da ya same mu baki ɗaya.

Litinin Lado ya shigo da hantsi, ko motar bai kashe ba ya miƙo mini wayar a zaure. A tsaye na karanta. Da na zo inda ka ce ka taɓa hannunta sai na zauna a dakali. Na so in ɓoye wa Umma zuwa yamma, amma ka san ta, ina ɗaga labule ta dubi fuskata ta ce, "Wane ne?" Na karanta mata. Ta ce in sake, na sake. Sannan ta ce, "Shekararta huɗu ko? Ban taɓa goya ta ba." Shi ke nan abin da ta faɗa ranar.

Maganar sanyin ce ta ɗaure mana kai da farko, sai Malam Sha'aban maƙwabcinmu, wanda ya taɓa zama a Jidda, ya yi mana bayani. Ya ce haka tsarin ƙasar yake, in baƙo ya rasu sai an ajiye shi a ɗakin sanyi har a gama takardu da hukuma da wanda ya ɗauke ka aiki. To ina roƙonka, Saifu, ka matsa musu. Kada a bar yarinyar nan ta daɗe a wurin nan. Kuma kada ka wahalar da kanka da tunanin kawo ta gida, a yi mata sutura a nan inda kuke. Umma ma haka ta ce.

Gida ya cika tun Litinin. Liman ya zo ya yi addu'a, dangin Baba na Shinkafi sun aiko, malaman makarantarmu sun zo a tare. Yau da safe muka toya waina aka raba sadaka. Umma tana karɓar gaisuwa a zaune, amma abinci ya ƙi shiga, sai kunu, shi ma kurɓa biyu ta ture kofin. Maganin hawan jinin da ƙyar nake samu ta haɗiye.

Ta ce in rubuta wa Maimunat wannan da bakinta: kada ta ce ita ta yi sakaci, kada kuma kai ka bari wani ya faɗa mata haka, ko da wasa. Ta ce ku riƙe juna.

Da hannu na rubuta, Lado zai ɗauki hotonta ya tura maka gobe in ya fita. Allah ya jiƙan Nazira, ya sa mai ceto ce.

Yayarka,
Salamatu

*

Riyad, daga asibiti
Alhamis

Yaya,

Sallama da gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Yaya, Nazira tana da rai. Tana da rai! Don Allah kafin ki karanta sauran ki shiga ki faɗa wa Umma, sannan ki dawo.

Wayata tana aljihun rigar da na rataye a waje lokacin da saƙonki ya shigo, don ba a shiga ɗakin da take da kayan waje. Da na fito na gani na kira Lado ya fi a ƙirga, a kashe, ya riga ya kama hanya. Na koma na karanta abin da na rubuto miki ranar Asabar, sai na ga ko ni aka aiko wa haka zan fahimta. A ruɗe na rubuta shi, a zatona kin san abin da ni nake gani da idona.

Ga yadda abin yake. Da aka tsamo ta, wata 'yar garinmu mai suna Munirat, nas ce a nan, ita ta durƙusa ta fara danna ƙirjin tana hura mata iska har motar asibiti ta zo. A ƙofar asibiti zuciyar ta dawo bugawa. Amma ba ta farfaɗo ba, inji ke yi mata numfashi. Cikin likitocin ɗakin akwai ɗan Najeriya, Dakta Bashari, mutumin Azare. Shi ya ja ni gefe ya yi mini bayani da Hausa. Ya ce in zuciya ta tsaya ƙwaƙwalwa ce take fara jin jiki, kuma ko jini ya dawo ɓarnar ba ta tsayawa nan take, ƙwaƙwalwar takan kumbura ta ci gaba da lalacewa har kwanaki. Shi ya sa suke sanyaya jikin yaron da gangan, su rage masa zafi kaɗan ƙasa da na mai lafiya, don ƙwaƙwalwar ta rage aiki ta huta, zazzaɓi kuma kada ya samu hanya. Na ce masa, "Likita, zai yi aiki?" Ya ce, "Injiniya, ba zan yi maka alƙawari ba. Wasu yaran suna tashi, wasu ba sa tashi. Amma da 'yata ce zan sa hannu." Takardar da na ce miki na sa wa hannu ke nan.

Ba firij ba ne, Yaya. Gado ne, da wani bargo mai ruwan sanyi yana zagayawa a cikinsa, ɗaya a ƙarƙashinta ɗaya a samanta, da inji a gefe yana gurnani. Sun ba ta maganin barci mai nauyi da na hana makyarkyata, sun manna mata wayoyi a kai suna kallon aikin ƙwaƙwalwar. Maimunat ta zo da safa daga gida za ta sa mata, nas ta riƙe hannunta ta ce mamnu', wato an hana. Ta fita baranda ta yi kuka da safar a hannu.

Yanzu an gama sanyin. A hankali suka dawo mata da ɗumi, kaɗan-kaɗan, wai in aka yi gaggawa zuciyar tana iya rikicewa. Hannunta ya yi ɗumi, na riƙe shi yau. Sun fara rage maganin barcin, amma ba ta buɗe ido ba tukuna.

Na kira Mujtaba abokina na Kano, ya rubuta 'yar takarda ya kai tasha ya ba wani direban Gusau, ko Allah zai sa ta riga wannan isowa. Ki ba Umma haƙuri. Ki ba kowa haƙuri. Ki lallaɓa ta ta ci abinci.

Saifu

*

Riyad
Talata

Zuwa ga Yaya Salamatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, ina gaida Umma da kyau. Shirun ya yi yawa. Kullum sai na duba, saƙon da na tura wayar Lado na nan bai shiga ba. Mujtaba ya ce an ce hanya ba lafiya, mai kuma ya yi wuya, motoci ba sa fita sosai. Ina fatan dai takardar tasha ta iso.

Albishirinku. Ranar Lahadi da safe Nazira ta buɗe ido. Ba irin na fim ba ne, Yaya, ba ta kira kowa ba. Ta buɗe ne tana kallon sama, ta rufe, ta sake buɗewa. Maimunat ta sunkuya tana kiran sunanta, sai muka ga ƙwayar idon ta juyo ta tsaya a kanta. Dakta Bashari ya sa yatsansa a tafin hannunta ya ce ta matse, da Hausa, shiru. Na ce masa ya gwada da Larabci, don kin san yaran nan na nan, Hausarsu ta gaisuwa ce kawai. Ya faɗa da Larabci, ta matse. Mutumin nan da bai taɓa murmushi a gabanmu ba sai ga shi yana dariya yana cewa, "Ashe Balarabiya muka yi ta jinya."

Jiya sun cire bututun numfashin, tana shaƙa da kanta. Muryar ta dushe, kuka ma da ƙyar yake fita. Hannun hagu da ƙafar hagu ba sa motsi kamar na dama. An ɗauki hoton ƙwaƙwalwar, sun ce akwai inda ya taɓu, amma bai kai yadda suka ji tsoro ba. Sauran sai lokaci ya nuna.

Shugabana a wurin aiki ya ƙara mini hutu. 'Yan uwa na Unguwar Ofisoshin Jakadanci suna ta kawo abinci, har ya fi ƙarfinmu, muna ba masu gadi.

Ki faɗa wa Umma na ɗauki hoton Nazira ido biyu, zai biyo bayan wannan. Ki ce mata da zarar likitoci sun yarda a hau jirgi da ita, zan kawo mata ita. Na daɗe ina cewa baɗi, baɗi, wannan karon ba sauran baɗi.

Ƙanenki,
Saifu

*

Tashar mota, Zariya
Litinin

Saifu,

Sallama. Yara lafiya, ni ma da sauƙi. Na biyo Lado da kaina, ina zaune a cikin motarsa nake rubuta wannan. Saƙonninka biyu da hoton duk yanzu suka shigo, na karanta. Lambarka tana gabana, na kasa dannawa.

Saifu, Umma ta rasu.

Juma'ar da ta biyo bayan sadakar da na ce maka mun yi, ta tashi za ta yi alwalar azahar, sai na ji faɗuwar buta. Na same ta a ƙofar banɗaki, bakinta ya karkace. Ba waya, sai da na fita titi da kaina na tare mai mota. A asibiti suka ce jijiya ce ta fashe a kai. Ba ta ƙara magana ba. Asabar da hantsi ta cika, kafin la'asar an kai ta, kusa da Baba.

Takardar Mujtaba ta iso ranar Lahadi. Ta kwana biyu a Gusau a aljihun direba kafin ya samu mai zuwa Ƙaura. Ina tsakiyar mata ana zaman makoki aka miƙo mini ita a ninke, duk ta yi baƙin mai. Layi ɗaya ne: Nazira tana da rai, tana asibiti. A lokacin nan wata tsohuwa tana durƙushe a gabana tana cewa, "Allah ya jiƙan su, kaka da jika, ya haɗa su a aljanna." Na miƙe na faɗa musu. Inna Shafa'atu, ƙanwar Umma, ta kama hanci ta fara guɗa, sai ta tuna inda take, ta toshe bakinta da mayafi. Ba wanda ya san ko barka zai yi mini ko gaisuwa. Har yau duk wanda ya shigo sai na tare shi tun daga ƙofa na ce mutum ɗaya za ka yi wa addu'a.

Na ga hoton. Na gode wa Allah, wallahi na gode. Amma ina kallonsa ina tuna kwanakin nan da Umma ta yi tana juya kofin kunu a hannu. Daren Alhamis ta ce mini, "Salame, an ce ƙasar can ma ba a barin mata su raka gawa. Wa zai riƙe Maimunat?" Da wannan tunanin ta tafi.

Ka yi karatu har ka ƙetare teku, Saifu. Kalma uku ta gagare ka? Tana da rai. Da ka sa su a takardar farko, da ban san abin da zai faru ba, amma da Umma ta ci abinci.

Na ce wa Lado in ka kira kada ya ɗaga. Ba zan iya ba yau. Yanzu za mu juya.

Salamatu

*

Ƙauran Namoda
Juma'a

Zuwa ga ƙanena Saifu,

Assalamu alaikum. Ya jikin Nazira? Ya Maimunat, ya ƙarfin hali? Mu nan lafiya lau, baƙi sun ragu, gidan ya yi faɗi.

Lado ya je Zariya ya dawo har sau biyu, ba komai daga wajenka. Na san dalili. Na aiko maka da rasuwar mahaifiyarka da faɗa a takarda ɗaya, na kuma hana a ɗaga maka waya. Lado ya ce har muka wuce Giwa wayar tana ruri a aljihunsa, ni ina jin ta, na kau da kai. Ko gaisuwar Umma ban yi maka ba. To ga ta yanzu: ya haƙuri, Saifu? Allah ya jiƙan ta, ya ba mu haƙurin rashinta.

Na sa Lado ya buɗe mini takardarka ta farko na sake karantawa a natse. Babu inda ka ce ta rasu. Ka ce a yi mata addu'a, ni na ƙara sauran. Da na tsaya a kan "kafin mu san abin yi" na ce a jira, da an jira. Malam Sha'aban ma tun ranar bai ƙara bi ta ƙofar gidan nan ba, sai ya zagaya ta bayan masallaci, jiya na aika masa da tuwo don ya san ba a riƙe shi ba.

Likitan da ya duba Umma ya ce irin jininta, jijiyar nan tana iya fashewa ko ranar Sallah tana dariya. Ina faɗa wa kaina haka, wani lokacin in yarda, wani lokacin in ƙi.

Mu biyu muka rage. Ka rubuto, ko layi ɗaya ne.

Yayarka,
Salamatu

*

Ulaisha, Riyad
Lahadi

Zuwa ga Yaya Salamatu,

Wa alaikumus salam. Ya haƙurinmu, Yaya? Allah ya jiƙan Umma, ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kika yi ke kaɗai. Muna lafiya, Maimunat tana gaishe ki, ta ce ta gode da saƙon da Umma ta bar mata, ta kwafe shi ta ajiye.

Ba fushi na yi ba. Na fara rubutu sau da yawa ina gogewa, kowace kalma na sa sai in tsaya ina juya ta, ina tunanin yadda za a karanta ta a Ƙaura. Abin da kika faɗa a tasha gaskiya ne, kuma kafin ki faɗa na faɗa wa kaina. Kada ki ɗauki rabin laifin don ki rage mini. Ki bar shi a inda yake, mu roƙi Allah gafara mu duka.

Na yi zaman gaisuwa a nan falonmu. Mutanen da suka zo barka da farfaɗowar Nazira su ne suka dawo gaisuwar Umma, wasu da ledar lemon da suka saya don asibiti. Dakta Bashari ya zo bayan ya tashi aiki. Na tambaye shi abin da ke cina, na ce sanyin nan shi ne ya ceci ƙwaƙwalwarta, ko da ba a yi ba ma haka za ta tashi? Na so ya ce shi ne, ko na samu abin riƙewa. Ya ce, "Ban sani ba, Injiniya. Mu kanmu likitoci ba mu gama sanin wannan ba. Abin da na sani, Munirat ba ta ɓata lokaci ba, mu kuma ba mu bari zazzaɓi ya taɓa ta ba." Ya sha shayinsa ya tafi.

An sallame mu, muna gida. Kullum da safe muna kai ta gashin ƙashi a wani wuri kusa da unguwar Murabba. Tana tsayawa in an riƙe ta, tana jan ƙafar hagu, hannun kuma a dunƙule yake sai an buɗe mata. Ruwan wanka take tsoro, Maimunat da tsumma take goge ta. Magana tana dawowa ɗaya-ɗaya, kamar mai koyo daga farko. Likitoci sun ce kada a yi maganar jirgi sai bayan wasu watanni. Don Allah kada ki raba kayan ɗakin Umma sai na zo, ina so in shiga in same shi yadda ta bar shi.

Akwai abin da nake neman shawararki a kai. Shekaranjiya Juma'a bayan mun sauko daga masallaci, lokacin da muka saba kiran gida kafin a rufe layi, Nazira ta jawo wayar uwarta da hannun dama ta tura mini. Ta ce, "Abga Umma," wato ina son Umma. Jimla ce cikakkiya, irinta ta farko tun da ta tashi. Maimunat ta juya ta shige kicin. Ni kuma na ce mata babu sabis a garin Umma. Ta gyaɗa kai, ta yarda, don ta saba jin haka.

Ba ƙarya na yi mata ba. Amma Mujtaba ya ce ana rade-radin za a buɗe layukan kwanan nan. Ki taya ni tunanin abin da zan faɗa mata ranar, Yaya, don ni na rasa.

Ƙanenki,
Saifu